Shafin Alhamis a Littafin Metir Haladu

Ƙarfe takwas da 'yan mintuna na safiyar Alhamis Lubna ta tura ƙofar ɗakin mahaifinta, ta same shi kwance a ƙasa tsakanin tebur da gado, ƙeyarsa a kan gefen dakalin siminti. Ba ta yi kururuwa ba. Ma'aikaciyar jinya ce, don haka ta durƙusa ta taɓa wuyansa, sannan ta zauna daɓas kusa da shi. Maƙwabciyarsu Hamdiyya ce, da ta shigo aron rariya, ta tara musu unguwa.

Ruwa ya kwana yana zuba a N'Djamena, kuma wanda ya san Mardjandafak a watan Agusta ya san mota ba ta shiga lungunanta sai dai ta tsaya a titi. Anspekta Abdulmutallib ya naɗe ƙafar wando ya ƙarasa a ƙasa. Shi aka turo saboda Bahaushe ne ɗan unguwar Ridina, kuma mutanen gidan sun fi sakin baki da Hausa. Abin da komisariya, wato ofishin 'yan sanda, ba ta sani ba shi ne mamacin malaminsa ne. Metir Haladu, kamar yadda ake kiran malamin makaranta a garin, ya koya masa lissafi shekara uku, kuma a duk shekarun nan bai taɓa ba shi makin da za a nuna wa uwa ba.

Ya tsaya a bakin ƙofa ya duba. Wuyan rigar tsohon ya yage har kafaɗa. Tabaransa na can ƙarƙashin gado, ido ɗaya a fashe. A damtsensa na hagu akwai shatin yatsu. Ba faɗuwa ba ce kawai, wani ya riƙe shi ya hankaɗa. Kwanon abincin dare na gefe, babu komai a ciki. A kan tebur littafin makaranta ne a buɗe, da biro a tsakiyarsa, kuma a jikin bango an jera irinsa sun fi ashirin.

Likitan da ya kamata ya duba gawar bai zo ba, wai ruwa ya tare shi. Dangi suka ce ba za a bar bawan Allah yana jira ba. Kafin azahar an kai Metir makwancinsa. Kafin la'asar kuma komiser, shugaban ofishin 'yan sandan, ya sa an rufe Lubna.

Hujjar komiser gajeriya ce, kuma a gaskiya ba ta wauta ba ce. A saman shafin da littafin yake buɗe an rubuta kwanan watan Alhamis, kuma an cika shafin da lissafi har ƙasa. Kowa a gidan ya shaida Metir ba ya taɓa littafin nan sai bayan sallar asuba. Ke nan da asubar Alhamis yana raye. Makullin gidan biyu ne: ɗaya a hannun Lubna, ɗaya a hannun Jamaluddeen, ɗan ƙanin marigayin da ke kwana a ɗakin zaure. Jamaluddeen ya hau motar garin Moundou tun la'asar ɗin Laraba. Lubna kuwa ta taso daga aikin kwana a asibiti, ta shigo gida ƙarfe shida da rabi, ta buɗe ƙofa da makullinta, kuma ba ta ce wa kowa komai ba sai bayan takwas.

"Awa ɗaya da rabi," komiser ya ce da Larabci, yana buga tebur da yatsa. "Ranar Litinin zan miƙa ta gaban mai gabatar da ƙara. Kalas, an gama."

Abdulmutallib ya san ma'anar wannan. Mace mai shekara talatin da huɗu da aka ce ta kashe ubanta, ko alƙali ya sake ta bayan shekara biyu, babu gidan da za ta sake shiga a Mardjandafak a ba ta ruwa. Kwana uku ke nan a hannunsa.

Ya fara da ita. An zaunar da ita a benci, har yanzu farar rigar aiki ce a ƙarƙashin mayafinta.

"Ƙarfe nawa kika bar gida ranar Laraba?"

"Biyu."

"Da kika dawo, me ya hana ki leƙa shi?"

"Ba a shiga in yana aiki. Kai ma ka san halinsa."

"Me kika yi?"

"Na zauna a ɗakina."

"Barci?"

"A'a. Ina jira ya kira ni."

"Hamdiyya ta ce ta ji ki ranar Laraba da hantsi kina ɗaga masa murya. Ta ce kin ce kin gaji."

"Na faɗa."

"A kan me?"

Ta kalli ƙasa. Ya maimaita tambayar sau biyu. Sai can ta ce, "Anspekta, da na taɓa shi ya yi sanyi, ya sandare. Na faɗa wa komiser. Ya ce duk mai laifi haka yake cewa."

Tausayinta ya kama shi, kuma ya ji haushin tausayin, don ya sha ganin masu laifi da suka fi ta nutsuwa. Shekara bakwai tana jinyar uba mai shanyewar ɓarin jiki, manema biyu sun gaji sun tafi. Matan da suka zo zaman makoki har sun fara haɗa wannan da wancan a ƙasan murya, kuma irin wannan magana ba ta buƙatar mota kafin ta zaga gari.

Da safiyar Juma'a ya je wurin Baba Gado, tsohon tela, abokin shan shayin Metir na shekara arba'in. Ya same shi a shagonsa, keken ɗinki a rufe, yana zaune yana kallon ruwan da ya kwanta a lungu.

"Ni na yi masa wanka," in ji Gado. "Ɗana, na wanke mutane da yawa. Wanda ya cika da asuba ba ya yin tauri haka kafin hantsi."

"Ka gaya wa komiser?"

"Ya ce ni tela ne, ba likita ba. Ya yi gaskiya."

"Yaushe ka gan shi na ƙarshe?"

"Talata. Laraba na zo bayan la'asar kamar kullum, na sami ƙofa a kulle. Na buga, shiru. Na ce ko ruwan nan ne ya sa shi barci." Ya goge ido da bakin hula. "Da na sani da na kira yara sun ɓalle ta."

"Baba, mene ne wannan lissafin da yake yi kullum?"

Gado ya yi ɗan murmushi, na farko tun jiya. Ya ce a makon ƙarshe da Metir ya yi a aji, yana koya wa yara irin lambobin da ba sa rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu, kamar bakwai da sha uku. Faransawa na da sunan da suke ba su, shi kuwa Metir da Hausa yake ce musu tilo. Ya rubuta sha ɗaya a allo, ɗaya biyu a jere, ya ce tilo ce. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, to in an jera ɗaya har guda goma sha ɗaya fa? Metir ya ce bai sani ba, amma zai kawo mata amsa. Kwana huɗu bayan nan ciwon ya kayar da shi.

"Da hannunsa ya fara motsi, abin da ya fara nema biro ne. Kullum bayan asuba sai ya ɗauki tilo ɗaya, bi da bi tun daga ƙanana, ya raba babbar lambar da ita. In ya sami saura, ba ita ba ce, sai gobe. Lubna ce ta sa masa doka, shafi ɗaya a rana, saboda hawan jini. Ni kuwa in na zo shayi sai in ce, Metir, yau ta rabu? Ya ce, da saura, Gado. Kusan shekara bakwai muna wannan gaisuwar."

"Waya ai za ta ba shi amsa kafin ya aje kofi."

"Ka taɓa gaya masa haka? Ni na gwada sau ɗaya. Kwana uku bai ba ni shayi ba."

"Ranar da babu saura fa?"

"Ranar ce yake rayuwa dominta. Ya ce zai sa farar riga, a ɗauko masa tasi, ya je ya nemo yarinyar nan ko ta yi 'ya'ya biyar."

Anspekta ya tambaye shi ko Metir na da matsala da wani. Gado ya gyaɗa kai. Ya ce makon jiya wani mutum ya zo gidan da takardar sakamakon ɗansa, mai ɗauke da hatimin tsohuwar makarantar da Metir ya shugabanta da sa hannunsa, alhali makarantar ta rufe tun shekara biyar. An ƙi karɓar takardar a wani wuri, mutumin ya zo jin ba'asi. Metir ya buɗe aljihun teburinsa, bai ga hatimin ba.

"Me ya ce?"

"Ya ce mini, Gado, wanda ya yi wannan a gidana yake cin tuwo. Bai ƙara ba."

Jamaluddeen ya dawo daga Moundou da yammacin Juma'a, idanu jajur. Saurayi ne mai tsafta, ɗan shekara ashirin da bakwai, yana da ɗan shagon buga takardu da hotuna a unguwar Paris-Congo. Tun kafin a tambaye shi ya fito da tikitin mota ya miƙa.

"Ƙarfe huɗu da rabi muka tashi ranar Laraba. Ga lambar direba, ga ta mutumin da na sauka a gidansa."

"Da za ka fita, ina baffanka?"

"Yana kwance. Ya ce in kulle ƙofa saboda ruwa."

"Ka san maganar hatimi?"

"Na ji. Gidan nan kowa shiga yake, Anspekta."

"Lissafin da yake yi kullum, me yake nema?"

Jamaluddeen ya ɗaga kafaɗa. "Abin tsufa ne, Allah Ya jiƙansa. Saura yake tarawa. Kullum ya raba, ya sami saura, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Ban taɓa tambaya ba."

Abdulmutallib ya kira direban, ya kira mai masaukin. Duk abin da saurayin ya faɗa haka yake. Da asubar Alhamis yana kudu, nisan ɗaruruwan kilomita. Baba Gado kuwa ba shi da makulli, kuma mutum shida sun gan shi a masallaci da asuba, daga nan ya zarce shago. Ya rage Lubna ita kaɗai, kamar yadda komiser ya ce.

Ranar Asabar da hantsi ya ɗauko littattafan daga kabad ɗin komisariya, ba don yana tsammanin wani abu ba, sai don ba shi da sauran abin dubawa. Ya buɗe na farko. Rubutun karkatacce ne, na hannun da ke koyon aiki karo na biyu. A tsakiyar shafin ga lambar: 11,111,111,111. Biliyan goma sha ɗaya, da miliyan ɗari da sha ɗaya, da dubu ɗari da sha ɗaya, da ɗari da sha ɗaya. A ƙarƙashinta Metir ya jera halayenta kamar mai rubuta takardar shaidar ɗalibi. Mara ce, biyu ba ta raba ta. Ba ta ƙare da biyar ko sifiri ba, biyar ba ta raba ta. In an tara alƙalumanta sha ɗaya ake samu, don haka uku ba ta raba ta. Daga dama ko daga hagu karatunta ɗaya ne, ɗan makarantar Larabci da ɗan makarantar Faransanci ba za su yi gardama a kanta ba. Ba a samun ta ta hanyar ninka wata lamba da kanta, domin irin waɗannan ba sa ƙarewa da sha ɗaya. Layin ƙarshe tambaya ce: tilo ce ko ba tilo ba?

Ya yi ta buɗa shafuka. Kowanne fasalinsa ɗaya: kwanan wata, lambar da za a raba da ita, doguwar rabawa tana gangarowa, sannan saura da layi biyu. A littafin ƙarshe ya lura da wani abu. A kowane shafi, tawadar kan shafin takan yi daidai da ta aikin jiya, ba ta aikin ranar ba. Inda biro ya ƙare aka sake wani, a nan abin ya fi fitowa. Ashe in Metir ya gama na yau, sai ya juya ya rubuta kwanan watan gobe da lambar gobe, ya aje. Malamin makaranta ne, ba ya shiga aji bai shirya darasi ba.

Ke nan kan shafin Alhamis tun Laraba aka rubuta shi. Kuma bayan shafin Alhamis, inda ya kamata a ga kan shafin Juma'a, babu komai.

Wannan bai isa ba. Komiser zai ce an kashe shi ne kafin ya juya shafi. Abdulmutallib ya ja kujera, ya yagi takarda, ya yi abin da rabonsa da yi tun yana ɗan shekara sha biyar. Ya fara da shafin Laraba, inda aka raba da 21,647. Ya daɗe yana fama, ya goge sau biyu, daga ƙarshe ya sami saura 9,069, daidai da na Metir. Sai ya koma na Alhamis, 21,649.

Biyar, ɗaya, uku, biyu, uku. Duk layukan sun yi daidai da na shafin. A mataki na ƙarshe abin da ya rage 194,841 ne, kuma tara ce za ta shiga. A shafin an rubuta cewa tara sau 21,649 ya ba da 194,814, aka cire, aka sami saura 27, aka ja layi biyu.

Ya tsaya yana kallon huɗun nan na ƙarshe. Ko shi, daƙiƙin ajin Metir, akwai abu ɗaya da rula ta dasa masa a tafin hannu: tara sau tara tamanin da ɗaya. Lambar da ta ƙare da tara, in an ninka ta da tara, dole amsar ta ƙare da ɗaya. Ya ninka a hankali. Ya sami 194,841. Ya cire daga 194,841.

Babu saura.

Bai yarda da kansa ba, don bai saba yin daidai ba. Ya sake yi. Sannan ya ɗauko waya ya danna, ta nuna masa 513,239 cif, ba ɗigo ba wutsiya. Ya kife wayar a tebur. Baƙin ciki ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko a maƙabarta. Shekara kusan bakwai, shafi sama da dubu biyu, kuma amsar tana shafin da ke gaban tsohon.

Ya sa aka fito da Lubna.

"In mahaifinki ya raba bai sami saura ba, me zai yi?"

Ta ɗago kai a karon farko. "Zai kira ni."

"Kin ce ranar Alhamis kina jira ya kira ki."

"Eh."

"Kin san ranar ce?"

"Shekara biyar ke nan da na sani. Wata rana a wurin aiki na sa wani ɗalibin likita ya duba mini a kwamfuta. Na rubuta lambar a bayan katin aikina. Ban gaya wa Baba ba. Abin nan ne yake tashe shi da safe."

Ya karɓi katin daga cikin kayanta da aka ajiye. A bayansa, da tawadar da ta koɗe, 21,649.

"An ce miki ya cika shafin Alhamis. Ba ki tambayi abin da ya samu ba?"

"Na ɗauka ya gani kafin ya cika. Da wannan nake rarrashin kaina kwana biyun nan." Ta dube shi sosai. "Me aka rubuta?"

"Saura ashirin da bakwai."

"Ba shi ba ne," ta ce, muryarta ta dushe. "Wayyo, ba shi ba ne. Bai gani ba ke nan."

Ranar Lahadi da safe ya aika aka zo da Jamaluddeen ofishin komiser. Ya aje littafin a buɗe a tsakaninsu, ya yi magana da Larabci don komiser ya bi.

"Wannan shafin shi kaɗai ne ya ce Metir na raye ranar Alhamis. Kansa rubutun Metir ne, amma na Laraba. Jikinsa na wani ne, wanda ya iya kwaikwayon hannunsa. Wanda ya rubuta shi ya bi rabawar daki-daki, ina jin da waya, kuma duk layukan daidai ne har na ƙarshe. A na ƙarshe ya ga babu saura. Sai ya duba shafin jiya, da na shekaranjiya, da na watan jiya, ya ga kowanne da saura da layi biyu. Ya ji tsoron nasa zai fita daban. Sai ya juya alƙaluma biyu don ya ƙirƙiro saura."

"Metir ma zai iya kuskure," in ji komiser.

"Zai iya. Amma ba a nan ba. Mutum ya ga 194,841 a sama, ya san tara sau tara, zai gane an zo wurin tun kafin ya ninka. Wannan layin yake jira shekara bakwai. Lubna ta san haka, da ita ce ta rubuta da sifiri za ta sa. Baba Gado ya sani. Mutum ɗaya ne a gidan yake zaton saura ake nema, kuma da bakinsa ya gaya mini."

"Wannan ba hujja ba ce," Jamaluddeen ya ce da Hausa. "Lissafi ne kawai."

"Haka ne. Ba ni wayarka."

Ya yi jinkiri, sannan ya miƙa. Abdulmutallib ya buɗe na'urar lissafin wayar, ya ja jerin abubuwan da aka danna a baya. Mutane kan goge saƙonni, su goge kira, amma ba ya tuna wanda ya taɓa goge wannan. A ƙarƙashin ranar Laraba ga su a jere: ɗaya goma sha ɗaya a raba da 21,649, sannan biyar sau 21,649, uku sau, biyu sau, tara sau. Ya juya wa komiser fuskar wayar.

Komiser ya karɓi wayar ya bi layukan da ido.

"Ban yi niyya ba," Jamaluddeen ya ce daga ƙarshe. "Da Yaya Lubna ta fita sai ya kira ni. Ya ce in kawo hatimin, kuma ranar Juma'a zai faɗa a gaban dangi bayan masallaci. Na roƙe shi. Ya miƙe zai ɗauki waya ya kira mahaifina. Na riƙe shi. Ya fizge, na tura. Shi ke nan."

"Tikitin fa?"

"Tun Litinin na saya, da ma zan je."

"Abincin darensa?"

"Na zubar a kwata."

"Da kake cika shafin nan, ka san wa zai shigo gidan da safe?"

Jamaluddeen ya kau da kai daga littafin.

"Ka sani?"

"Na ɗauka za a ce faɗuwa ya yi."

"Da aka rufe ta, kwana biyu kana zaune a zaure kana karɓar gaisuwa."

An sami hatimin da rana a shagon Paris-Congo, cikin kwalin tawada. Komiser ya sa hannu a takardar sakin Lubna ba tare da ya dubi kowa ba, ya ce a ba ta haƙuri.

Abdulmutallib ya raka ta har bakin titi. Yayyafi ake yi. Ya ce zai zo ranar addu'ar bakwai ya tsaya a gaban maza da mata ya faɗi abin da ya faru, don kada a bar kowa da zato. Ta ce ta gode. Ya tare mata tasi, amma ba ta shiga ba, ta tsaya riƙe da ƙofa.

"Ka tambaye ni abin da muka yi faɗa a kai ranar Laraba."

"Ba sai kin faɗa ba yanzu. An rufe maganar."

"Ina so wani ya sani." Ta gyara mayafi. "Ranar nan ya tashi da ƙarfi. Ya gama na Laraba da wuri, ya rubuta kan na gobe, sai ya ce, Lubna, lambobin nan biyu maƙwabta ne, biyu ce kawai a tsakaninsu, bari in haɗa su yau in huta. Har ya ɗora biro. Ni kuwa aiki zan tafi, kuma na so a ce ranar tana hannuna, in dafa masa abin da yake so, in goge farar rigar, in kira Baba Gado. Na ce doka shafi ɗaya ce. Ya ce yau kaɗai. Na ce na gaji da taurin kansa. Na fizge biron daga hannunsa."

Abdulmutallib ya share ruwan yayyafi daga fuskarsa.

"Minti ashirin zai ɗauka, Anspekta," ta ce. "Ina tsaye a kansa na hana shi."

Mai tasi ya danna oda. Ta shiga ta ja ƙofar, motar ta nufi Mardjandafak a hankali cikin ruwa.